Godiya Bayan Kammala Kundin Bincikena

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya nuna mini ranar da na kare kundin bincikena na digiri na biyu a fannin injiniyancin sadarwa. Ina kuma miƙa godiya ga 'yan uwa da abokan arziki da suka cika ƙofar gidanmu da ke Tudun Wada a Gusau ranar Asabar ɗin da ta gabata domin walimar da iyayena suka shirya, musamman waɗanda suka taso daga Kaura Namoda da Talata Mafara alhali kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki.

A wurin walimar, Kawu ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, shekara da shekaru muna ganinka da kwamfuta a cikin mota, wai me kake aunawa ne?" Hayaniya ba ta bar ni na amsa masa yadda ya kamata ba, shi ya sa nake so in amsa a nan, domin a cikin amsar akwai mutanen da suka fi kowa cancantar godiyata.

Abin da nake aunawa shi ne yadda ƙarfin sabis yake raguwa yayin da mai waya yake nisa da ƙarfen sabis. Duk kamfanin da zai kafa ƙarfe sai ya fara ƙiyasta inda sabis ɗinsa zai kai, kuma lissafin da aka daɗe ana dogaro da shi ya samo asali ne daga wani injiniya ɗan ƙasar Japan, Yoshihisa Okumura, wanda shi da abokan aikinsa suka zagaya birnin Tokyo da kewayensa suna awo, suka wallafa sakamakon a 1968. A 1980 sai Masaharu Hata ya mayar da zane-zanen Okumura lissafi mai sauƙi da kwamfuta za ta iya sarrafawa, wanda yake aiki daga megahaz 150 zuwa 1500 (megahaz shi ne ma'aunin zangon da sabis yake tafiya a kansa), a tazarar kilomita 1 zuwa 20 daga ƙarfen sabis. Daga baya masana a Turai suka faɗaɗa shi zuwa megahaz 2000, har ya game zangon 1800 da wayoyin salula suke amfani da shi tare da na 900 tun zuwansu Najeriya a 2001. A 2013 Okumura yana cikin mutum biyar da aka bai wa lambar yabo ta Draper a Amurka saboda aza harsashin wayar salula. Ni dai a ganina, ba lambar ce ta fi nuna girman aikinsa ba. Abin da ya fi nuna shi shi ne ɗalibi a Gusau, bayan fiye da shekara hamsin, ba zai iya rubuta babi na biyu na kundinsa ba sai ya bi ta kansa. Bai san ni ba, amma ina cikin masu cin moriyar wahalarsa.

Wanda ya haɗa ni da wannan aiki shi ne Malamina, mai duba kundina. Ranar farko da na shiga ofishinsa ya miƙo mini takardar Hata, ya ce in karanta ta sau uku, sannan in dawo in gaya masa abin da Gusau take da shi wanda Tokyo ba ta da shi. Na dawo da amsa: ginin ƙasa da rufin kwano, da hazon hunturu, da duwatsu irin na Kwatarkwashi, alhali lissafin Hata an gina shi ne a kan ƙasa mai kusan shimfiɗa. Daga wannan tambaya ɗaya kundin gaba ɗaya ya fito. Malam, Allah ya saka da mafificin alheri, ya jiƙan mahaifa.

Jarrabawar Ubangiji ta zo a ranar 3 ga Satumba, 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Ina tsakiyar awo ke nan, sai abin da nake aunawa ya ɗauke gaba ɗaya. Ko da aka dawo da sabis a Gusau a watan Oktoba, sauran ƙananan hukumomi sun ci gaba da zama shiru, kuma fita bayan gari da na'ura ya zama kasada. Na yanke shawarar ajiye karatun. Malam ne ya aiko mini da wasiƙa ta hannun direban mota, kamar yadda ake yi a da, yana umartata da in taƙaita awon a cikin gari, in yi amfani da zaman wajen gyara lissafi. Har yau wasiƙar tana cikin kundina.

Ina godiya ga Inna da Baba bisa addu'a da haƙuri. Yaya, kai ka ba ni aron motarka ba tare da ka taɓa tambayar kuɗin mai ba. Ga ƙanena da ya riƙa zama a kujerar baya yana riƙe da waya a tsayi ɗaya har hannunsa ya sage, Allah ya yi maka albarka. Uwargida kuma ta san dararen da fitila ba ta mutu ba, Allah ya bar zumunci. Haka kuma injiniyoyin da suke kula da ƙarafan sabis, waɗanda suka gaya mini tsayin kowane ƙarfe, domin in ba tare da wannan adadi ba lissafin ba ya tafiya.

Duk wanda ban ambata ba ya yi mini afuwa. Idan Allah ya kai mu hunturu mai zuwa kuma hanya ta yi kyau, zan koma gefen Kwatarkwashi in ƙarasa awon da na bari, kuma ina roƙon ku taya ni da addu'a.

Wassalamu alaikum.