"To, Alhaji" ba shaida ba ce an gane

Maigida yana tsaye a bakin sito, waya a kunne, sai ya juyo ya ce wa yaronsa, "A kai wa mutumin Kusiri albasa gobe." Yaro ya rusuna ya ce, "To, Alhaji." A ganin maigida magana ta ƙare. Amma mutum uku ne daga Kusiri ke sayen kaya a gidan, ba a faɗi buhu nawa ba, ba a ce bashi ne ko kuɗi hannu ba, kuma goben ba a san ta asuba ce ko ta bayan la'asar ba. Yaron ya san bai gane ba, sai dai ba zai tambaya ba, domin tun yana ƙarami aka koya masa cewa ba a titsiye babba da tambaya. Zai je ya yi kintace. In ya dace shi ke nan, in bai dace ba a ce masa sakarai.

Asara da yawa da ake ɗora wa lalaci ko rashin amana a shagunan Garwa, Marwa da Njamena daga irin wannan take tasowa. "To" ladabi ne, tana nuna an ji muryarka kawai. Tunda na ƙasa ba zai buɗe baki da kansa ba, gyaran yana wuyan na sama.

Umarnin da ya cika yana faɗin abin da za a yi, da yawansa, da ma'aunin da ake nufi, da sunan mutum ɗaya da aikin ke kansa, da lokacin gamawa, da abin da za a yi idan hanya ta toshe. "A kai" ba ta da mai ita. Yara huɗu za su ji, kowa ya zaci ɗan'uwansa ake nufi. A kira suna. Ma'auni kuwa shi ne inda ake yawan faɗawa rami, don buhu ba ɗaya ba ne: akwai na kilo 50, akwai na kilo 100, ga buhun albasa da ake cika shi ya yi tozo a ɗinke da wani ƙyalle a sama. A kasuwannin Chadi da koro ake awon hatsi, a wani wurin da tiya ko mudu, kuma ba girmansu ɗaya ba.

Kuɗi sun fi komai haɗari a wannan yanki namu. Dattawan 'yan kasuwa har yanzu da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa 5. A Larabcin Chadi riyal ake cewa, shi ma sefa 5 ne. Don haka idan dillali a kasuwar Njamena ya ce ɗari biyu, sefa 1,000 yake nufi, alhali akawun da ya yi makarantar boko zai rubuta 200 a littafi. Wanda kuma ke hulɗa da Mubi, Banki ko Gamboru yana da ƙarin matsala, domin "dubu hamsin" na iya zama naira, na iya zama sefa. Dokar gida ta zama guda: duk farashin da aka faɗa da baki a rubuta shi da lambobi, a sefa cikakkiya, a sa sunan kuɗin a gefe. Ko tura kuɗi ta Orange Money ko MTN a Kamaru, ko Airtel da Moov a Chadi, a faɗi tun farko wanda zai ɗauki kuɗin cirewa, kada a bar direba da mai kaya suna jayayya a kan sefa 1,500 a bakin kanti.

Bayan an ba da umarni kada a tambaya "ka gane?" Amsarta ɗaya ce kullum. A ce, "Faɗa min abin da za ka yi." Idan ya maimaita sunan mai kaya, yawan buhu, farashi da lokaci daidai, an gama cikin rabin minti. Idan ya yi tuntuɓe, ga wurin da maganar ta yoye, a gyara nan take. Da farko tsofaffin ma'aikata za su ɗauka raini ne. Maganinsa maigida ya sanar a gaban kowa cewa haka za a riƙa yi da kowa har ɗansa na cikinsa, kuma su ji shi da kunnensu yana maimaita wa abokin ciniki odarsa a waya kafin ya kashe.

Sai batun harshe. A sito ɗaya a Marwa za ka samu mai Fulatanci, mai Hausa, mai Larabcin Shuwa, mai Barbarci, ga takardun duwan (wato kwastan) da na haraji da na banki duk da Faransanci. A yi wa mutum magana da harshen da ya fi ji, ko da maigida yana ɗan gurguntawa a cikinsa. Takarda kuma ta tsaya a harshe ɗaya. Inda dole sai da tafinta, a sani cewa tafinta yana tausasa magana don kada a ji haushinsa. Maigida ya ce "kada a sake ba shi bashi", tafinta ya mayar da ita "a riƙa lura da bashinsa". Shi ya sa maimaitawar ta fi muhimmanci a nan, kuma lambobin a nuna su a rubuce.

Saƙon murya na WhatsApp ya zama ofishin mutane da yawa, kuma yana da amfani ga wanda bai iya karatu ba. Illarsa ba a iya binciko abu a cikinsa. Maigida ya yi minti shida yana magana, ya fara da gaisuwa da tambayar iyali, ya bi ta kan siminti, ya koma shinkafar Yagwa, ya rufe da faɗa; direba na saurare a cikin ƙarar inji, abin da zai riƙe shi ne faɗan. Saƙo ɗaya magana ɗaya, kada ya wuce minti guda, a biyo shi da rubutu mai ɗauke da lambobin kawai: buhu 120, sefa 18,000 kowanne, Laraba. Guruf ɗin aiki kuma a raba shi da na gaishe-gaishen Juma'a da hotunan biki, in ba haka ba umarni zai nutse.

Masu jigila su ne suka fi buƙatar tsari. Kayan da suka fito daga tashar ruwa ta Duwala, jirgin ƙasa a Gaundare yake tsayawa, daga nan sai mota: Garwa, Marwa, Mora, Waza, Kusiri, a haye gadar Ngeli a shiga Njamena, ko kuma a bi ta Tuboro zuwa Mundu. A wannan doguwar hanya akwai wuraren da waya ba ta shiga. Maigidan da ke kiran direba sau goma a wuni yana wahalar da kansa ne kawai, kuma yana koya wa direban ƙin ɗauka. A tsayar da garuruwan da direba zai kira da kansa in ya iso, a kuma tsayar da cewa in aka yi awa kaza shiru za a kira yaron mota. Sannan a yanke masa iyakar ikonsa tun kafin ya tashi: gyaran da bai wuce, misali, sefa 50,000 ba ya yi ya kawo rasit, abin da ya haura sai ya jira izini. Direban da ba a faɗa wa iyakarsa ba, ko ya kwana biyu a daji yana jiran izinin sayen bel, ko ya canja tayoyi huɗu da kuɗin mai.

Mafi wuya shi ne labari mara daɗi ya hau sama da wuri. Albasa ta fara ruɓewa a ƙasan tari ranar Litinin, mai sito ya gani, amma ya san halin maigida, sai ya yi shiru yana fata. Ranar Juma'a wari ya tona asiri, rabin kaya sun tafi. Wanda ya kawo mugun labari aka zazzage shi a gaban jama'a, shi da duk waɗanda suka kalla sun ɗauki darasi. Maigida ya horar da bakinsa: tambaya ta farko "me za mu iya cetowa yanzu?", binciken laifi sai bayan an kwashe kayan. Tambayar ma a canja mata siffa. "Lafiya lau?" amsarta lafiya lau. "Wane kaya ne ya fi damunka a sito yau?" dole ta fito da wani abu.

A kasuwancin iyali akwai wata cuta ta dabam, wato masu ba da umarni sun yi yawa. Alhaji ya ce a rufe bashi, ƙaninsa ya zo ya ce a ba abokinsa katan ashirin, babban ɗa ya bugo daga Yawunde da tasa. Yaron shago ba zai iya ce wa ɗayansu a'a ba. A zauna a raba: wane ke da maganar saye, wane farashi, wane bashi, a faɗa wa ma'aikata a fili. Kuma kada maigida ya warware hukuncin manajansa a gaban yara. Ya kira shi ciki, in za a canja, manajan ne zai fito ya sanar.

Tsawatarwa a keɓe ake yi, a kan aikin da aka ɓata da ranarsa, ba a kan asalin mutum ko ƙabilarsa ko iyayensa ba. A Kamaru doka ma ta sa baki. Dokar ƙwadago ta 1992 ta hana maigida cin ma'aikaci tara, abin da mutane da yawa ke yi da sunan yanke albashi. Dakatarwa daga aiki ba ta wuce kwana 8 na aiki, dole a ba ma'aikacin a rubuce tare da dalili, a kuma sanar da sufeton ƙwadago cikin awa 48, in ba haka ba dakatarwar ba ta da ƙarfi. Wurin da ke da ma'aikata 20 ko fiye dole a zaɓi wakilan ma'aikata. Wasu iyayen gida na kallon wakilan nan a matsayin 'yan tada zaune tsaye, alhali ta bakinsu ake jin ƙorafin jinkirin albashi ko na awannin aiki tun yana gunaguni, kafin ya kai ofishin sufeto.