Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Guntun Gatari

A makon jiya na tsaya ne a kan rasuwar maigidana da yadda gida ya yi mini faɗi bayan yara sun watse. Na so in bi shekarun da suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, amma da na zauna rubutu sai na tarar babu abin da zan kama a cikinsu in ban da shara da wanki, don haka zan tsallake su in zo kan ranar da aka kawo mini mai aiki ba tare da an nemi shawarata ba.

Waɗanda suka san Inna, Allah ya jiƙanta, sun san maganarta guda da ba ta gajiya da ita, wato guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Da ita ta rene mu, kuma da ita na riƙe gidana fiye da shekara 40, ina zuwa makaranta koyarwa in dawo in ɗaura zani a ƙugu in kama aiki, babu hannun baƙo da ya taɓa shiga tukunyata ko kayan wankina. Ina alfahari da wannan har gobe, ko da Yaya tana cewa taurin kai ne kawai aka sa wa riga.

Ina da shekara 73 na faɗi. Na cika bokiti zan goge tsakar ɗaki, ruwan ya ɗan zuba a bakin ƙofar banɗaki, na taka, santsi ya ɗebe ni. Wayata tana can kan gado, ni kuwa ina kwance a ƙasa, ƙuguna ya ƙi yarda in miƙe, na kusa awa guda a haka kafin maƙwabciya ta ji kirana. Abin da ban taɓa faɗa wa yaran ba shi ne, a wannan kwanciyar fuskata tana kallon ƙarƙashin kabad ne, na hango ƙura ta yi tudu, da yanar gizo-gizo, da wani ƙaramin cokali da na yi wata da watanni ina cigiyarsa. Na gane cewa na daɗe ina share iya inda bayana ya yarda in sunkuya ne kawai, sauran wurin kuma na bar shi ga Allah ban sani ba. Wallahi ganin ƙurar nan ya fi ciwon ƙugun ƙona mini rai.

Allah ya taƙaita, ban karye ba. Amma kwana 10 da sallamo ni daga asibiti sai ga babban ɗana ya shigo, wata mata tana biye da shi riƙe da ƙullin kayanta, ya ce, "Mama, ga wadda za ta riƙa yi miki aiki, mun riga mun gama magana da ita." Su wane ne "mun"? Shi da matarsa da Yaya suka zauna suka yanke hukunci a kan gidan da na share tun kafin a haife shi. Ban ce uffan ba a gaban baƙuwa, na sa aka ba ta wurin zama, na yi mata sannu da zuwa, da yamma kuma na sallame ta da kuɗin motarta da haƙuri, domin ita ba ta yi mini laifin komai ba. Na san yana karanta wannan rubutu duk mako, to ya sani na yafe, amma ban manta ba. Da ya zo ya durƙusa ya ce Mama me kike gani, da wataƙila a ranar na amince.

Auta ce ta iya da ni, ita da aikin jinya ya koya wa haƙuri da tsofaffi. Ba ta ce mini na tsufa ba. Ta zauna a bakin gado ta yi ta jero mini tambayoyi irin waɗanda likitoci kan yi don auna yadda tsoho ke iya riƙe kansa: wanka, sa tufafi, shiga banɗaki, tashi daga gado, cin abinci da hannunsa. Duk na ce ina yi, kuma gaskiya ne. Sai ta koma rukuni na biyu, wato girki, wanki, gyaran gida, cefane, shan magani a kan lokaci, riƙon kuɗi, amfani da waya, ta ce waɗannan su ne suka fi saurin kuɓuce wa mutum, kuma ba rana ɗaya suke tafiya gaba ɗaya ba. A nan na fara inda-inda. Ta ce mini Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a cikinsu. Na ce mata ai sai in zauna ke nan in naɗe hannu. Ta ce a'a, hukumar nan dai ita ce ta ba da shawara a 2020 cewa tsoho ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, kuma aikin gida yana cikin lissafi, domin naman jikin da aka bari ba aiki lalacewa yake yi, kuma a jikin tsoho ya fi saurin tafiya ya fi wuyar dawowa.

Wannan maganar ta Auta ta tono mini abin da na binne. Lokacin da Inna ta dawo hannuna a ƙarshen rayuwarta, ni ce na ƙwace tsintsiya daga hannunta. Na tuna safiyar sarai, na fito na same ta a sunkuye tana shara a hankali, hannu ɗaya a dafe da gwiwa, na ce, "Haba Inna, so kike a ce ina sa ki aiki?" Ta miƙo mini ba musu, ta ce, "To, 'yar nan," ta koma ta zauna. Tun daga ranar zamanta ya yi yawa, kuma ba a yi shekara 2 ba sai da aka koma ɗaga ta. Ba zan rantse cewa tsintsiyar ce sanadi ba, ajali da ciwo na Allah ne, amma na san abin da na kare a ranar sunana ne a bakin mutane. Matar da ta koya mini guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, ni ce na karɓe mata gatarin, ina ganin biyayya nake yi. In na yi fushi da babbansu sai in tuna a wurina ya gani, sa'an nan in sake yin fushin duk da haka.

Yaya kuwa, da ta ji na fara saukowa, sai ta aiko cewa ta samo mini yarinya 'yar shekara 12 wadda za ta riƙa kwana a wurina, wai ta fi sauƙin biya kuma ta fi jin magana. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina bin iyaye su bar 'ya'yansu a aji, ba ni zan cire 'yar wani daga makaranta don ta wanke mini zannuwa ba, kuma in na sake faɗuwa yarinya ƙarama ba za ta iya ɗaga ni ba. Mun yi wata 3 ba ma gaisawa sosai a kan wannan. Ita ce kuma ta taɓa shafa yatsa a kan tagata a gaban baƙi ta nuna musu ƙura, wannan ma ban manta ba.

Daga ƙarshe ni da kaina na aika aka kira matar nan da na sallama. Na zaunar da ita muka raba aikin. Duk abin da ya shafi ɗaukar ruwa, goge ƙasa, wankin barguna da labule, hawa kujera don kakkaɓe sama, nata ne, kwana 3 a mako. Girki, sharar ɗakina, ninke kaya, maganina da kuɗina, nawa ne, kuma na ce kada ta taɓa su ko da ta ga ina nishi. Na sa Auta ta rubuta albashinta da ranar biya da ranar hutunta a takarda, kowa ya riƙe ɗaya. Auta ta ce akwai yarjejeniyar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a 2011 a kan masu aikin gida, wadda ta tanadar musu hutun aƙalla awa 24 a jere duk mako. Na ce ni ban san da ita ba, amma na san mai aiki mutum ce, kuma wanda zai ga tsiraicin gidanka bai kamata ya fita da ƙunci a zuciya ba.

Ba zan ce zaman ya zo da sauƙi ba. Wata na farko bin ta nake yi a baya ina sake gyara abin da ta gyara, ta ajiye kofi a dama in mayar da shi hagu, ta shanya zani a kwance in zo in juya shi. Ba ta taɓa tankawa ba, sai dai wata rana da ta ce, "Mama, nuna mini yadda kike so sau ɗaya, in na kuskure sai ki yi faɗa." Na ji kunya, na nuna mata. Ita ce ta ja kabad ɗin nan ta zaro cokalin, ta wanke ta miƙo mini, ban gaya mata na riga na san yana can ba.

Yanzu shekararmu 2 tare. Akwai wata gajeriyar tsintsiya da nake ajiyewa a bayan ƙofar ɗakina, Auta ta ɗaura mata doguwar sanda don kada in sunkuya. Shekaranjiya matar ta shigo ta same ni ina shara, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Mama, ai na share nan ɗazu." Na ce mata na gani, ta je ta ci gaba da wankinta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma baya in ba da labarin shekarar da na fara koyarwa, wanda na yi alkawari tun kashi na 9 ban cika ba.