Hanyar Tamale da yara biyu masu fararen riguna

Auren 'yar ƙanwata ne ya kai ni Gana a hunturun da ya wuce. Na sauka Kumasi wajen dangi a Zango, na kwana uku, sannan na kama hanyar Tamale inda za a ɗaura auren. Tun ina yaro nake jin kakana yana ba da labarin hanyar Gwanja, yadda fatake ke kora jakuna wata da watanni don ɗauko goro a Salaga. Shi ya sa na ƙi jirgi, na ce mota zan shiga in ga ƙasar da idona.

Da sassafe a tasha, ana ta ɗora buhuna, sai ga samari biyu da fararen riguna da laktaye, kowanne da baƙin allo ƙarami a ƙirji ɗauke da sunansa. Ɗaya Bature ne dogo, rana ta gasa masa wuya ya yi ja, ɗayan baƙi ne siriri. Kujerarsu ta faɗo kusa da tawa. Ina gyara jakata sai na ji baƙin ya ce, "Sannu Baba, ina kwana? Kawo in ɗora maka a sama." Hausar Kano ce tsantsa, ba ta Zango ba.

"Kai ɗan ina ne, yaro?"

"Haifaffen Sabon Gari ne ni, Baba. Ina da shekara goma sha biyu muka koma Aba."

Kafin mu kai Techiman na san abin da ya kawo su. 'Yan mishan ne na cocin nan da aka fi sani da Mormon, ko da yake ya ce su sun fi son cikakken sunan, wato Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Shekararsa ashirin, abokinsa sha tara, daga jihar Idaho ta Amurka. A allon ƙirjinsu an rubuta Elda, ma'ana dattijo, kuma da wannan laƙabin kowa ke kiransu har su gama shekara biyun da suka ɗauka. Ba albashi a ciki. Su da iyayensu ke tara abin da za su iya, coci ta cika sauran. Ba su ne ke zaɓen ƙasar da za a tura su ba, ba su ke zaɓen abokin zama ba, kuma duk mako shida ana iya cewa su tattara su koma wani gari. Irin wannan canjin ne ya ɗauko su daga Kumasi zuwa arewa.

A wurin da muka tsaya karin kumallo na sa mai shayi ya haɗa kofi uku. Yaron ya dafa ƙirji ya ba ni haƙuri, ya ce addininsu ya hana su shayi da gahawa, kamar yadda ya hana giya da taba. Milo suka sha da burodi. A nan ne na lura da takalmin Baturen da ya miƙe ƙafa: an sake masa ƙasa da tsohuwar tayar mota, gefen kuma ɗinkin baduku ne da farin zare, ɗinki a kan ɗinki. Wuyan rigarsa ya soma lalacewa saboda wankin hannu. Na tambayi nisan da suke takawa a yini, ɗan Sabon Garin ya ce shi ba ya ƙirgawa, amma wannan ne takalminsa na uku.

Ya zayyana mini yadda yininsu yake. Ƙarfe shida da rabi sun tashi, addu'a, motsa jiki, sai karatun littattafansu, kowa shi kaɗai sannan su biyu tare. Daga hantsi su fita, gida gida, shago shago, har dare. Ba talabijin, ba zance da 'yan mata, ko iyo a rafi ba a yarda ba. Ɗaya ba ya barin ɗaya sai dai in zai kewaya. Litinin ce kawai ranar wanki da cefane da kiran gida, kuma wannan ma sauƙi ne da aka yi a 2019, don kafin nan sau biyu kacal a shekara ɗan mishan ke jin muryar mahaifiyarsa. Ya ce zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi sau biyu duk da gidan sauro da ƙwayar da suke sha. Abokinsa kuwa, watansa na farko kuka yake yi da dare a ɓoye, ga zafi, ga ɗauke wuta, ga sakwara da miyar da ba ta karɓe shi ba, ga yara na bin sa suna obroni, obroni, wato Bature. Na ce masa a Tamale siliminga za su ce. Da aka fassara masa ya yi dariya, ya ciro ɗan littafi daga aljihu ya rubuta.

Mun wuce Kintampo, daji ya fara buɗewa, itatuwan kaɗanya sun maye gurbin dogayen itatuwan kudu, sai motar ta fara hayaƙi ta tsaya. Awa uku muka yi a gefen titi ana jiran makaniki. Da azahar ta yi na nemi ruwa, kafin in yi magana yaron ya fasa ledar ruwansa biyu yana zuba mini a hannu ina alwala, ya kuma san daidai inda zai dakata in shafi kai. Ya ce maƙwabcinsu a Kano ya sha yi wa haka. Ina salla su biyun suka tsaya kan kayana.

A inuwar nan ne na yi masa tambayar da ke cina tun safe. Na san cocin nan, wadda Joseph Smith ya kafa a 1830, ta daɗe tana hana baƙar fata matsayin limanci, har zuwa 1978. Na ce, "Ɗana, ka san wannan?" Ya yi shiru yana wasa da ƙasa da tsinke. Ya ce ya sani, kuma yana yi masa ciwo, ba shi da amsar da za ta gamsar da ni tunda shi ma bai gama gamsuwa ba. Sannan ya ba ni labarin mutanen Cape Coast da suka yi shekaru suna taruwa da kansu suna karanta Littafin Mormon kafin a aiko musu da kowa, da kuma yadda gwamnatin Rawlings ta rufe cocin a Gana daga watan Yunin 1989 har kusan ƙarshen 1990, mutane suka koma ibada a ɗakunansu. Ya ce idan waɗancan sun riƙe, shi ma zai riƙe. Yau ga babban haikalinsu a Accra tun 2004, ga na Aba tun 2005.

Ban yarda da aƙidarsa ba, na kuma faɗa masa, shi ma bai matsa mini ba. Amma ina da ɗa sa'ansa a gida, kuma na san abin da ake nufi da yaro ɗan shekara ashirin ya yini ana rufe masa ƙofa a fuska, ya kwana, ya sake goge rigarsa. Na tambaye shi mutum nawa suka karɓi saƙonsa a wata goma sha huɗu. Ya ce ba su cika yatsun hannu biyu ba, wasunsu ma sun daina zuwa. Na ce to me ke tashe ka da safe? Ya ce akwai wata tsohuwa a Kumasi da ba ta iya karatu ba, duk Laraba suke zuwa su ɗebo mata ruwa su karanta mata, kuma tun jiya tunanin wanda zai je mata yake yi.

Da aka gyara motar muka tsallake kogin Baƙin Volta a Buipe, mata na miƙo soyayyen kifi ta taga, sannan Farin Volta a Yapei rana na faɗuwa. Baturen ya yi barci kansa a kafaɗar abokinsa, shi kuma bai motsa ba har muka ga fitilun Tamale.

A tasha wasu biyu masu irin shigarsu na jiransu. Na buɗe jakar tsaraba na ɓallo masa kilishin da na taho da shi daga Kano. Ya karɓa da hannu biyu yana rusunawa, ya buɗe takardar ya shinshina, ya daɗe bai ɗago ba. Bai ci ba. Ya mayar ya naɗe, ya sa a aljihun gaba, bayan baƙin allon nan.

"Baba, in ka koma ka gaishe mini da Kano."

Na ce za ta ji. Suka shiga keke mai ƙafa uku da akwatunansu, ni kuma na tsaya neman wanda aka aiko ya ɗauke ni.