Yinin da Muka Auna Ribar Digirin Lissafi

Asabar, Kano.

Tun bayan sallar azahar nake gidan Yaya, kuma magana ɗaya ce ta riƙe mu har aka kira magariba. Babban ɗansa ya nemi gurbin karatun kimiyyar kwamfuta, sai jami'a ta ba shi lissafi, shi kuwa Yaya yana ganin gara yaron ya zauna a shagonsa na atamfa da shadda a Kantin Kwari da a kashe shekara huɗu kan karatun da ƙarshensa alli da allo ne. Da yake ni ne na karanta lissafi a gidanmu, kuma da shi nake ciyar da iyalina, sai aka ce in faɗi gaskiya ko digirin yana mayar da kuɗin da aka zuba masa.

Na fara da abin da za a kashe. Kuɗin rajista ya tashi a yawancin jami'o'in gwamnatin tarayya tun 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur, ga kuɗin ɗaki da abinci da mota. Amma na nuna wa Yaya cewa babban kuɗin ba ya cikin rasit, domin shi ne abin da yaron zai samu da a ce sana'a ya kama. Ko da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 aka yi awo, shekara huɗu ta kai naira miliyan 3 da dubu 360, kuma hakan idan karatu ya tafi babu tangarɗa ke nan. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Yaya ya gyaɗa kai, ya ce ai abin da yake faɗa ke nan tun farko.

Ban yi masa musu ba a kan shekarun farko. Wanda ya fito da digirin lissafi tsagwaronsa, bai haɗa shi da komai ba, zai karɓi alawus na naira 77,000 a shekarar bautar ƙasa, daga nan kuma mafi kusancin ƙofa ita ce koyarwa. Koyarwa aiki ne mai daraja, ina kuma alfahari da ita, sai dai makarantu masu zaman kansu da yawa ba sa biyan abin da zai riƙe gida, kuma wanda bai karanci fannin ilimi ba sai ya ƙara yin difloma ta koyarwa kafin rajista da TRCN, hukumar da ke yi wa malamai rajista. Abin da ke rufa wa da yawanmu asiri shi ne darasin yamma ga masu shirin WAEC da NECO da JAMB, tunda lissafi darasi ne da ba a shiga jami'a a yawancin fannoni sai da shi.

Inda muka rabu da Yaya shi ne abin da ke zuwa bayan haka. Na ce masa, Yaya, darajar wannan digiri tana ga abin da aka ɗora a kansa. Bankuna da kamfanonin inshora da masu kula da kuɗin fansho da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa duk suna buƙatar wanda ya iya nazarin alƙaluma da auna haɗari, kuma ɗalibin lissafi da ya koyi rubuta manhaja yana iya shiga aikin da yaron ya so tun asali, wani lokaci ma da tushe mafi ƙarfi. Akwai kuma cibiyar nazarin lissafi ta Afirka, wato AIMS, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, take da rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, tana ɗaukar nauyin digiri na biyu ga ɗaliban Afirka da suka yi fice. Sai dai duk waɗannan ƙofofi sakamako suke dubawa. Wanda ya shiga lissafi ba da son ransa ba, ya lallaɓa ya fito da sakamako mai rauni, shi ne ya yi asarar da Yaya yake tsoro, kuma na ga irinsu da idona, abin yana damuna ƙwarai.

Saboda haka na juya ga yaron, na tambaye shi ko yana jin daɗin zama da tambaya guda har ta warware. Ya ce, "Baffa, lissafi bai taɓa ba ni tsoro ba, abin da nake tsoro shi ne in gama in dawo ina roƙon Baba kuɗin mota." Wannan amsa ta kwantar mini da hankali, domin na san yadda yake aiki tun yana ƙaramar sakandare.

Maganar bashin karatu na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai rance, ta taso. Na bayyana cewa babu ruwa a cikinsa, kuma ana fara biya ne shekara biyu bayan bautar ƙasa, amma Yaya ya ce muddin yana da hali ɗansa ba zai fara rayuwa da bashi a wuya ba.

Mun tsaya a kan cewa zai karɓi gurbin. Ni zan saya masa kwamfutar tafi-da-gidanka ya fara koyon manhaja tun zangon farko, duk hutu kuma zai riƙa zama a shago yana riƙe wa mahaifinsa littafin ciniki. Idan aka gama shekarar farko za mu sake zama da sakamakonsa a gabanmu. Ranar Litinin zan raka shi ya biya kuɗin karɓar gurbi.