Kwantenar Yadin da Ban Je Na Gani Ba

Har yau in na bi ta layin masu yadi a kasuwar Sabon Gari na hango shagon Alhaji, sai gabana ya faɗi. Ya ce ya yafe, na kuma san har zuciyarsa ya faɗa, amma abin bai bar raina ba.

Shekara biyar ke nan ina riƙe da ƙaramin ofishinmu na sayen kaya a Guwanzu ta ƙasar Chaina, kusa da unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka suka yi yawa. Mu uku ne: ni, da ƙanena mai kula da sito, da tafinta 'yar ƙasar. 'Yan kasuwar Zariya da Kano su turo oda, mu nemo masana'anta, mu yi ciniki, mu loda, mu ɗauki la'adarmu. Tayil daga Foshan, fitilu daga Guzhen, caja da waya daga Shenzhen, duk tafiyar awa ɗaya ko biyu ce, da ƙafata nake zuwa in farka kwali in gani. Yadi ne mai nisa. Cibiyarsa Keqiao ce a lardin Zhejiang, sai ka yi wajen awa biyu a jirgin sama zuwa Hangzhou, sannan ka shiga mota.

A watan Nuwamban 2023 Alhaji, aminin mahaifina, ya ba ni odar yadin maza na ƙaramar sallah, kwantena guda mai ƙafa 40. Azumi zai kama a Maris, sabuwar shekarar Chaina kuma ta faɗo 10 ga Fabrairu, ma'aikata kuwa tun saura mako biyu suke fara watsewa garuruwansu. Jirgin ruwa zai ci mako shida ko bakwai kafin Legas, ban da zaman Apapa. Ke nan in kaya ba su bar tashar jiragen ruwa ta Ningbo a tsakiyar Janairu ba, sai dai a yi sallah babu su.

Na je Keqiao, na ga samfur mai kyau, har na wanke shi a masauki bai zuba ba. Na biya kashi 30 kafin alƙalami. Amma ban raba samfurin nan biyu mun sa hannu a kai ba, a takardar ciniki ma ban sa an rubuta faɗi da nauyi ba. “Kamar samfur” kawai aka rubuta.

Da Janairu ta zo, kwantena uku nake lodi a Guwanzu, dala ta haura naira 1,200 a kasuwar bayan fage, kullum sai ta ƙara. Mutumin da na sayi yadin a wurinsa ya turo mini bidiyo ta manhajar WeChat, ga bandir-bandir a jere cikin leda. Ya ce in ban cika kashi 70 a ranar ba, gurbin jirgi zai wuce sai bayan hutu. Na kalli bidiyon sau uku, na tura kuɗi. Kuɗin tikitin zuwa da dawowa bai kai na bandir goma ba. Kwana ɗaya kawai zan rasa. Wannan kwana ɗayan nake ta juyawa a raina har yanzu.

Kaya suka iso Zariya a makon farko na azumi. Faɗin da ya kamata ya zama santimita 150 bai wuce 140 ba, yadin kuma shara-shara, kana ganin tafin hannunka ta ciki. Shuɗin yana taɓa ruwa yake zuba. Wani tela a Tudun Wada ne ya fara dawo da nasa, daga nan magana ta zaga kasuwa.

Alhaji ya kira ni bayan tarawi.

“Ɗana, ka je ka ga kayan nan da idonka kafin a loda?”

“Baba, ban je ba.”

Ya yi shiru, sannan ya ce, “To, Allah Ya kiyaye gaba.” Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Sai daga baya tafintarmu ta karanta lasisin kamfanin, ta ga saye da sayarwa kawai aka yarje musu. Dillalai ne masu shagon nuna kaya, ba su da injin saƙa ko ɗaya. Odar tamu wata ƙaramar masaƙa suka kai wa don sauƙin farashi. Da na je da ƙorafi, suka ce in kawo samfur mai sa hannu. Ba ni da shi. Abin da suka iya yi wai ragi a oda ta gaba.

Yanzu kafin in yi maganar farashi da kowa, lasisi nake fara karɓa, in duba ko sunan da ke kai shi ne na asusun da zan tura kuɗi. Sai na shiga masana'anta na ji ƙarar inji. Faɗi, da giram nawa a kowace murabba'in mita, da lambar launi, duk a rubuce. Ciko kuwa ba ya fita sai na zaro bandir daga tsakiyar tari, ba wanda suka miƙo mini ba. Mai cewa “yau ko jirgi ya wuce”, in ce masa ya wuce ɗin.

Alhaji ya karyar da yadin a ƙasa da uwar kuɗi. Na mayar masa da la'adata, ya karɓi rabi, ya ce in riƙe saura saboda yara. Shekara guda bai ba ni oda ba, ban kuma ga laifinsa ba. Watan jiya ya aiko da ƙarama, mai ƙafa 20. Ma'auni da tef suna cikin jakata, ranar Litinin zan tashi Hangzhou.