Curi a gindin randa

Curi, ƙaramar mesar da nake kiwo, ta fita yau. Ta dawo, lafiyarta lau, kar hankalin kowa ya tashi. Amma ga shi ƙarfe ɗaya ta wuce ban runtsa ba, kuma ba fitar tata ce ta hana ni barci ba.

Jiya wajen sha ɗayan dare kuran ya tafi, kun dai san Yamai a watan Mayu, bango ya sha rana ya ƙoshi sai dare ya yi ya dinga amayo zafi, fanka ta tsaya, na ja tabarma zan fita tsakar gida sai tausayinta ya kama ni. Irin wannan ƙaramar mesar digiri 30 zuwa 32 shi ne daidai da ita, in ya haura 35 wahala take sha, ɗakina kuwa na tabbata ya wuce haka. Sai na ɗaga murfin akwatin na sa ɗan icce a tsakani don iska ta shiga, tazarar ba ta kai yatsa biyu ba wallahi, na ɗora bulo a kai. Shekara biyu ina tare da ita, na sani sarai in dai kai ya shige to jiki bi zai yi. Da asuba na shiga ɗaukar buta, akwati wayam.

Ƙarƙashin gado, cikin takalma, bayan firiji, buhun gawayin Inna, har kwandon wanki na zazzage. Ban faɗa wa kowa ba, nan ne laifina na biyu.

Bakwai saura sai ihun Tanti. Ta je ɗiban ruwa a randarta, wadda ke kan jiƙaƙƙen rairayi gindin darbejiya, moɗa na hannunta ta hango zane a bayan randar. Kafin in iso Baba ya fito da taɓarya ya ɗaga sama. Na dinga Baba tsaya, Baba don Allah tsaya, tawa ce. Ita ko baiwar Allah ta yi abin da ya sa na raɗa mata sunan, ta dunƙule kamar curin fura ta cusa kanta a tsakiya, ko motsi babu. Sanyi kawai ta bi. Na ɗauke ta jikinta da laima, na juya na ce wa mutanen gida ai ba ta da dafi, ba ta da dafi, na faɗa ya fi sau biyar kamar shi ke nan magana ta ƙare. Tanti ba ta ce min uffan ba, ta tuntsurar da ruwan randar gaba ɗaya ta shige ɗaki.

Sai bayan la'asar ta aiko a kira ni. Na zata faɗa ne, na ma shirya ban haƙuri da maganar sayen sabuwar randa. Na same ta tana tsinke zogale, ta nuna min kujera.

Ta ce, "Ɗana, ba randa ta dame ni ba. Kai ka ba Auta macijin nan ya riƙe?"

Na ce e Tanti, satin da ya wuce, amma ina tsaye a kansa, kuma na wanke masa hannu da sabulu bayan nan.

Ta ce, "Ka san mi ya ce mini? Wai maciji abokinai ne. Shina ba yara labari a ƙofar gida. In an yi hutun lakwal gida za mu tahi, damina ce hwa, yara cikin gona suke wuni. In ya ga kububuwa kwance gindin hatsi ya miƙa hannu, kai kana ina?"

Na buɗe baki na rufe. Sai ta ba ni labarin yayanta, wanda ban taɓa sanin an yi shi ba. Can ƙauyensu a Adar, yana dawowa daga noma da magariba ya taka ta. Da fari har yana cewa ba komai, an ɗaure ƙafa an sha jiƙo. Washegari jini ya fara fita ta dasashi, ta wurin cizon, har tsohon miki ya buɗe, aka ɗora shi a amalanke za a kai likita bai kai ba. Tana faɗa hannunta bai daina tsinkar zogalen ba. Haka dafin kububuwa yake, hana jini daskarewa yake yi, kuma a duk yankin nan namu na Sahel da wuya a sami macijin da ya kai ta kisa, ga ta 'yar ƙarama, da ƙyar take wuce rabin mita.

Ni na san bambanci. Curi kauri gare ta, zanenta manya ne baƙi-baƙi da ruwan zuma, ga ƙananan ramuka a leɓenta na sama da take jin ɗumin ɓera da su. Kububuwa siririya ce, kalar ƙasa, in ta fusata tana goga jikinta da juna ka ji kamar an zuba ruwa a garwashi. Amma yaro ɗan shekara biyar fa? Na sha yi wa mutane bayani da alfahari cewa a Wida ta ƙasar Benin har ɗakin bauta aka gina wa irinta, cewa daga Togo da Benin da Gana ake kwasarsu zuwa Turai da Amurka ana kiwo a gida. Duk gaskiya ne. Sai dai yaran Turai da Amurka ba sa zuwa gona ba takalmi. Tsoron da Tanti ta yi shekara biyar tana dasa wa ɗanta ni na cire shi cikin minti goma, ina ganin alheri na yi masa.

Na hau kabu-kabu zuwa Katako kafin a tashi, na sayo raga mai ƙananan idanu da kwaɗo biyu, jikka uku da rabi. Gobe kafinta zai zo. Randar na wanke ta da kaina, Tanti ta ce a bar ta ta sha rana tukuna.

Curi ta ƙi ɓeran yau. Ban damu ba, idonta ya yi hazo, saɓa za ta yi.

Bayan isha'i Auta ya leƙo ɗakina wai a nuna masa ita. Na ce a'a, daga yau babu. Na zaunar da shi na nemo hoton kububuwa a waya, na ce kalli wannan da kyau, in ka gan ta ka ja baya ka kira babba, ko sanda kar ka kai mata. Ya kalla ya daɗe, ya sa yatsa ya shafa gilashin wayar, ya ɗago ya ce, "Yaya, ƙanwar Curi ce?"

Na maimaita masa sau uku. Ya ce to, amma murmushi yake yi. Hutu saura wata guda da 'yan kwanaki.