CSS ba ta magana, abin da ya ƙona min rai kenan

Masu cewa CSS (yaren da ake tsara kamannin shafin intanet da shi) shirme ce a koma Flutter (kayan aikin Google na gina manhaja) kawai, ina gane zafin da suke ji domin nima na sha shi a kan shafin wani Alhaji mai shagon atamfa da shadda a babbar kasuwar Katsina. Na jera hotunan kayan da grid, wato tsarin CSS na jera abubuwa gida gida, hudu hudu a layi, na gwada a laftof da wayata komai tsaf. Washegari da safe sai ga kira, "Malam, mi ya samu wanga shafi? Kaya duk sun hau bisa juna." Na je shagon ya miƙo min wayarsa, tsohuwar Android ce da irin burauzar nan mai rage cin data, hotunan sun zubo ɗaya ƙarƙashin ɗaya, farashin shadda ya koma gefen atamfa, kwastoma har ya fara ciniki da kuɗin da ba nasa ba.

Abin haushin shine babu error ko ɗaya. Burauzar bata san grid ba, sai ta tsallake layin shiru ta wuce. Da Flutter ne, in an samu error lokacin gwaji, jan allo zai fito ya nuna maka inda matsalar take, CSS kuwa ko tari ba zata yi ba, kai ne zaka zauna kana bin layi layi.

Amma fa da gangan aka gina ta haka tun CSS1, fitowarta ta farko, a 1996, duk abin da burauza bata gane ba ta bar shi ta ci gaba. Shi yasa shafin ya buɗe a wayar Alhaji duk da grid sai 2017 ya shigo manyan burauzoji, lambar waya na nan, hotuna na nan. Flutter na web kafin ya sauke kayansa a netwok ɗin cikin kasuwa wallahi mai saye ya tafi.

Inda ban yafe wa CSS ba shine specificity, wato yadda take zaɓar umarnin da zai yi aiki in biyu sun ci karo, ka canza kalar maɓalli ɗaya wani can ya canza, ka ƙare da zuba !important, alamar tilasta umarni, ko'ina. Nan kam masu amfani da Tailwind, tsarin rubuta CSS da ke rage wannan rikicin, suna da gaskiya.

Yanzu salon da kowace waya ke ganewa nake fara rubutawa, grid ya shiga cikin @supports domin burauzar da ta gane shi kawai ta yi aiki da shi, farashi kuma a div (akwati) ɗaya da hotonsa, kuma bana miƙa aiki sai na buɗe shi a wayar mai shagon da kansa.